Wuta a bakin salansa: yayin da ya taso daga filin tsere ya faɗo titunan gari

Duk matashin da ke bin shafukan motoci a TikTok ko Instagram ya san irin wannan bidiyo: mota a tsaye cikin dare, direba ya taka totur har ƙasa, inji ya yi kururuwa, sai a ji ƙara kamar ta bindiga, harshen wuta ya fito daga bututun hayaƙi, ƴan kallo su ɗaga wayoyi suna ihu. Wani bidiyon daga Dubai yake, wani daga Amurka, wani daga gefen birnin Paris. Daga wayoyi abin ya shiga hirar matasa a fada da gareji, inda ake gardama kan ko wutar alamar ƙarfin inji ce, da kuma ko za a iya yi wa ƙaramar mota ko babur irin wannan gyara.

Yayin ya girmi intanet da shekaru masu yawa, kuma yana da dalilinsa a inda aka haife shi. Sai dai abin da bidiyon daƙiƙa 15 ba ya nunawa shi ne kuɗin gyaran da ke biyo baya, da tarar da ƴan sanda ke yankawa a ƙasashen da ƴan ci-rani ke zaune, da kuma abin da harshen wuta kan iya yi a titin da ake sayar da fetur a kwalba.

Daga ina wutar ke fitowa?

Injin fetur yana aiki ne da cakuɗa mai da iska. Domin man ya ƙone ƙurmus, ana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska ga kowane giram ɗaya na fetur. Cakuɗin yana shiga silinda, fistin ya matse shi, sannan fulogi, wanda makanikan Nijar suka fi sani da buji, ya ba da tartsatsi. Ƙonewar da ke faruwa a cikin silinda ita ce ke tura fistin, ita ce ke juya taya. Abin da ya kamata ya fita ta salansa hayaƙi ne kawai.

Wuta na fitowa ne idan wani kaso na man bai ƙone a cikin silinda ba. Ɗanyen man sai ya bi hayaƙi ya shiga bututu mai zafin da kan wuce digiri 600 idan inji na aiki da ƙarfi. Da ya kai bakin bututun ya haɗu da iskar waje, sai ya kama. Ke nan duk wutar da aka gani a bayan mota fetur ne da aka saya da kuɗi, ya wuce ta cikin inji bai tura motar ko taku ɗaya ba.

Hanyoyin da ake bi a samu hakan guda uku ne. Ta farko ita ce ta mutanen da: a dasa wani fulogi na daban kusa da bakin salansa, a haɗa shi da maɓallin da ke katse wa inji tartsatsi na ɗan lokaci, ɗanyen mai ya kwarara baya, fulogin nan ya kunna shi. Ta biyu ita ce ta zamani: a shiga kwamfutar mota a sauya mata lissafi, ta ci gaba da fesa mai bayan direba ya ɗage ƙafa daga totur, ta kuma jinkirta tartsatsi har sai ƙofar fitar hayaƙi ta kusa buɗewa. Ta uku ita ce ta motocin tsere, wadda aka ƙirƙira don wata buƙata ta daban. Motar gas, wato dizal, ba ta shiga wannan lissafi, domin ba ta aiki da tartsatsin fulogi. In an ƙara mata mai fiye da ƙima, baƙin hayaƙi take turnuƙewa da shi.

Amurka ta shekarun 1950

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, matasan Amurka, musamman a kudancin jihar Kalifoniya, sun rungumi sana'ar sayen tsofaffin motoci suna sauya musu fasali da inji. A cikin wannan al'ada ce aka fara dasa fulogi a salansa. Motocin wancan zamani suna aiki da kabireta, wadda ke ci gaba da zuƙo mai matuƙar inji na juyawa, ko da an katse tartsatsi, don haka abin bai yi musu wuya ba. Motar Mercury ƙirar 1949 zuwa 1951 ta zama tambarin wannan yayi, kuma har yau a bukukuwan tsofaffin motoci a Amurka akan keɓe fili da dare ana gasar wanda wutarsa ta fi tsawo.

Finafinai ne suka kai abin duniya. Motar Batman ta shirin talabijin na 1966, wadda George Barris ya ƙera daga Lincoln Futura, tana fesa wuta ta baya idan za ta tashi. A fim ɗin Grease na 1978, motar jagoran ƴan adawa baƙar Mercury ce mai aman wuta ta salansa. Sai kuma The Fast and the Furious na 2001, inda motoci suka jeru a bakin layin tsere suna feshin wuta kafin a tashi. Wannan fim da waɗanda suka biyo bayansa an kalle su a gidajen kallo daga Maraɗi har Agadas, kuma su ne suka dasa wa matasa da dama tunanin cewa mota mai wuta ita ce mota mai gudu.

Inda wutar ke da aiki

A filin tsere akwai wutar da ba ta ado ba ce. Injin da ke da turbo yana samun ƙarin ƙarfi ne daga wata ƴar fanka da hayaƙi ke juyawa, fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, wadda ke cusa ƙarin iska cikin inji. Matsalar ita ce da direba ya ɗage ƙafa zai sha kwana, hayaƙi ya ragu, fankar ta yi sanyi. Idan ya sake takawa, sai ya jira kafin ƙarfin ya dawo. A tseren da ake rabuwa da kaso goma na daƙiƙa, wannan jira asara ce.

Injiniyoyin tseren rali na shekarun 1980 da 1990 sun magance hakan da gangancin ƙona mai a cikin bututun hayaƙi, daf da turbo, domin fankar ta ci gaba da juyawa ko da ƙafa ba ta kan totur. Daga nan ne ƙarar harbe-harbe da walƙiyar wuta da aka san motocin rali irin su Subaru Impreza da Mitsubishi Lancer Evolution da Toyota Celica da su suka samo asali. Tun kafin su, motocin Rukunin B, waɗanda suka yi zamani daga 1982 zuwa 1986, sun yi suna wajen aman wuta a kwana. An soke rukunin ne bayan mutuwar direba Henri Toivonen da abokin tafiyarsa Sergio Cresto a tsibirin Korsika a watan Mayun 1986. Ɗaya daga cikin motocin rukunin, Peugeot 205 Turbo 16, ta koma gasar Paris zuwa Dakar, wadda a wancan lokaci take ratsa Agadas da hamadar Tenere, ta kuma lashe ta a 1987 da 1988.

A Amurka kuma akwai motocin tseren miƙaƙƙen layi da ke shan wani mai da ake kira nitirometan a maimakon fetur. Suna cinye mita 305 cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu, da gudun da ya haura kilomita 500 a awa, kuma wutar da ke fita daga bututunsu da dare ta fi tsayin mutum. Amma bayan kowane zagaye guda, makanikai kan kwance injin gaba ɗaya su sake ɗaure shi.

Nan bambancin yake. Motar tsere tana da ayarin makanikai, da kayan gyara a mota guda, da ma'aikatan kashe gobara a gefen hanya. Injinta ba a ƙera shi don ya yi shekara goma yana kai yara makaranta ba. Wanda ya kwaikwayi wutar a motar gida ya ɗauki asarar ya bar ribar, domin sauya lissafin kwamfuta don a ji ƙara ba ya ƙara wa mota ƙarfin doki ko ɗaya.

Abin da inji ke biya

Abu na farko da ke mutuwa shi ne tukunyar tace hayaƙi da ke ƙarƙashin mota. A cikinta akwai wani yumɓu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu tsada: filatinam da faladiyam da rodiyam. Aikinta shi ne mayar da iskar guba zuwa wadda ba ta kai ta illa ba, kuma lafiyayyarta na rage kusan kashi 90 cikin 100 na manyan gubobin hayaƙin fetur. An fara sa ta a yawancin sababbin motocin Amurka daga 1975, a Turai kuma ta zama dole a farkon shekarun 1990. Idan ɗanyen mai ya shiga cikinta ya kama, zafin kan narkar da yumɓun, bututu ya toshe, mota ta rasa ƙarfi. Shi ya sa masu son wuta kan fara da cire ta gaba ɗaya, hayaƙin kuma ya fita da gubarsa.

Bayan ita sai bawul ɗin fitar hayaƙi, wanda zafi kan cinye masa baki, da na'urar auna iska da ke jikin bututu, da fukafukan turbo da kan tsattsage. Ɗanyen fetur kuma yana wanke man inji daga bangon silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. A waje kuwa, bamban bayan motocin yanzu roba ne, wayoyin fitilu na bayansa, tankin mai da tiyonsa ba su da nisa.

Ko motocin da aka ƙera da maƙudan kuɗi ba su tsira ba. A farkon 2017 kamfanin Lamborghini ya yi wa motocinsa ƙirar Aventador kusan 5,900 kiranye a faɗin duniya. Bayanin da ya miƙa wa hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka ya nuna cewa idan aka cika tanki fiye da ƙima, tururin fetur na iya haɗuwa da hayaƙi mai zafi ya tayar da gobara, kuma hatsarin ya fi yawa idan ana taka totur da ƙarfi mota na tsaye, musamman in an sauya mata salansa da wadda kamfani bai amince da ita ba. Wato daidai abin da ake yi a bidiyoyin da ke yawo. Idan motar da kuɗinta ya kai ɗaruruwan dubban daloli na iya kamawa ta wannan hanya, tsohuwar motar da ta yi shekara 20 a Turai kafin ta iso tashar ruwa, da busassun tiyo da tankin da ke tsatsa, ba ta da wata kariya da ta fi ta.

Gargaɗi ga ƴan ci-rani

A yawancin ƙasashen da bidiyoyin ke fitowa, abin laifi ne a kan titi. Dokar motoci ta jihar Kalifoniya, mahaifar yayin, ta hana tuƙa motar da ke fitar da hayaƙi ko wuta ko ɗanyen mai fiye da ƙima. Dokar tsaftar iska ta tarayyar Amurka ta haramta cire na'urorin tace hayaƙi. Jihar New York kuma ta ɗaga tarar salansar da aka sauya don ƙara zuwa dala 1,000, da dokar da aka sa wa hannu a 2021.

A Faransa, sauya salansa ko cire mata abin rage ƙara na jawo tarar yuro 135, kimanin jika 88 da rabi na kuɗin sefa, kuma ƴan sanda na da ikon tsayar da abin hawan. Idan abin ya haɗa da wasan ganganci a titi, dokar 3 ga Agustan 2018 ta tanadi ɗaurin shekara guda da tarar yuro 15,000, kusan sefa miliyan 10. Tun 2022 ake gwajin na'urorin da ke auna ƙarar abin hawa su ɗauki lambarsa a Paris da wasu garuruwa. A Ingila, motar da aka cire wa tukunyar tace hayaƙi ba ta tsallake binciken lafiyar mota na shekara-shekara.

Ƙasashen Larabawa ma ba su sassauta ba. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, tuƙa mota mai ƙarar da ta wuce ƙima na jawo tarar dirhami 2,000 da maki 12 na laifi a lasisi, alhali maki 24 ne ke sa a ƙwace shi. A Saudiyya, wasan jan mota da ake kira tafhiɗ, wanda sau da yawa yake tafiya tare da irin wannan gyara, tun 2016 tararsa ta farko riyal 20,000 ce, ta biyu 40,000, ta uku 60,000.

Ga ɗan ƙasa, wannan tara ce kawai ya biya ya wuce. Ga baƙon da ke jiran sabunta takardar zama, ko wanda abincinsa ya dogara da lasisin tuƙi, kamar direban tasi ko mai kai saƙo, shiga hannun ƴan sanda kan irin wannan laifi na iya taɓa aikin da iyali a gida ke jiran kuɗinsa ƙarshen wata. Akwai kuma batun inshora: kamfani na iya ƙin biya idan bincike ya nuna an yi wa motar gyaran da ba a sanar da shi ba. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, in ji Hausawa, fita kuwa sai an sha wuya.

Titin Dubai daban, titin Damagaram daban

A garuruwan Nijar, abin hawan matashi babur ne mai ƙaramin inji, kuma abin da aka fi gani shi ne cire hanjin salansa don ƙara, da wasan babur a rakiyar amarya ko ranar sallah. Daga nan zuwa neman tartsatsi da wuta taki ɗaya ne, kuma yanayin titunan ya sa hatsarin ya fi na inda aka kwaikwayo.

Na farko shi ne fetur ɗin bakin hanya. Daga Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi da Damagaram, ana sayar da mai a kwalabe da jarkoki a kan teburi, wani lokaci a buɗe ana ɗurawa da mazurari. Ba ruwan fetur ke fara kamawa ba, tururinsa ne, kuma fetur na fitar da tururi mai kamawa ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafin watan Afrilu. Tururin ya fi iska nauyi, don haka yana kwanciya ƙasa yana bin ta, daidai tsayin da bakin salansa yake. Mutanen Yamai ba su manta da daren 5 zuwa 6 ga Mayun 2019 ba, lokacin da tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Diori Hamani, jama'a suka taru suna ɗibar mai, ta yi bindiga ta hallaka sama da mutum 50 nan take, wasu da dama kuma suka cika a asibiti daga baya. Rahotannin da aka samu daga shaidu sun danganta tashin wutar da wani babur da ke wurin. Babur ne na yau da kullum, ba wanda aka gyara don ya yi aman wuta ba.

Na biyu shi ne cunkoso. A bayan kowace mota a danja akwai ɗan kabu-kabu da fasinjarsa, da mai tura baro, da yaro mai talla. Bakin salansa yana daidai ƙaurin babba, daidai cikin ƙaramin yaro. Hijabai da yaduka da yawa da ake sawa yanzu na roba ne, waɗanda in sun kama sukan narke su manne a fata. Na uku shi ne rani: rumfunan kasuwa na zana da kara da leda, tarin ciyawar dabbobi a bakin titi, da busasshiyar makiyaya da wutar daji ke cinyewa kowace shekara bayan damina a jihohin Tawa da Maraɗi da Damagaram. Na huɗu kuwa, motar kashe gobara da asibitin da ke iya jinyar ƙuna mai tsanani ba a kowane gari suke ba.

Akwai kuma gubar da ido ba ya gani. Injin da ake ba mai fiye da ƙima yana ƙara fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana iya kashe mutum a rufaffen gareji. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka nufa. Masu binciken ƙasar Holan sun gano cewa wasu daga cikin motocin an yanke musu tukunyar tace hayaƙi tun kafin a sa su a jirgi, saboda tsadar ƙarafan cikinta. Ke nan iskar birane da ma tana ɗauke da nauyin da ya ishe ta.

Idan mota ta fara da kanta

Wani lokaci mota ko babur kan riƙa yin bindiga ta salansa ba tare da an taɓa komai ba. Wannan ciwo ne da ke buƙatar makanike: fulogi ya mutu, ko lokacin tartsatsi ya goce, ko kabireta ko injekta na zubar da mai fiye da ƙima, ko bututu ya huje yana zuƙar iska. Barinsa haka na ƙara shan mai, kuma ƙaramin gyaran fulogi na iya zama sauke inji.

Mai shirin sayen mota ta hannu, ko wanda ɗan'uwa zai aiko masa daga waje, yana da kyau ya sa a ɗaga ta a duba ƙasanta: ko tukunyar tace hayaƙi na nan, ko an yi walda a wurinta, ko bamba ya yi baƙi ko ya narke a kusa da bakin salansa, ko akwai wata waya da ta nufi bututun ba gaira ba dalili. Motar da ke tatsatsa duk lokacin da aka ɗage ƙafa daga totur, alhali ba haka kamfani ya ƙera irinta ba, alama ce ta cewa an taɓa kwamfutarta, kuma mai yiwuwa injinta ya sha wuyar da lambar kilomita ba za ta nuna ba.

A ƙasashen da sha'awar ta yi ƙarfi, an ware mata wurinta: filayen tsere da bukukuwan motoci, inda ake sa shinge tsakanin mota da ƴan kallo, ake ajiye tukwanen kashe wuta a kusa, kuma motar kan zo a bayan tirela ta koma a bayan tirela. Matasan da ke da hannu a kanikanci kuwa, ilimin da ake sauya lissafin kwamfutar mota da shi don ta yi wuta, shi ne dai ilimin da ake gano ciwon motocin zamani da shi, a daidaita musu shan mai. Motoci masu kwamfuta sai ƙaruwa suke yi a Yamai da Maraɗi da Damagaram, kuma garejin da ke da wanda ya iya karanta su ba ya rasa masu kawo aiki.